Yadda ake tsara gyaran kuskure a kwamfutar kwantam idan kubitoci ba su da maƙwabta da yawa

Kubit shi ne ƙwayar da ke riƙe saƙo a kwamfutar kwantam, kuma a kan takarda babu abin da ya kai haɗa kubit biyu sauƙi. Ka ja layi daga wannan zuwa wancan, ka rubuta CNOT, wato aikin da ke juya kubit na biyu idan na farko ɗaya ne, shi ke nan. A kan allon na'urar gaske kuwa, irin wanda Google da IBM ke sakawa cikin firji mai sanyin da bai wuce milikelbin 10 zuwa 20 ba, kowane kubit a kafe yake inda aka dasa shi, kuma ba ya hulɗa sai da wanda aka ja musu hanya tsakani. A allon Google mai tsarin murabba'i, maƙwabta huɗu ne iyaka. A allon IBM mai suna heavy-hex, wato saƙar zuma da aka ƙara wa kubit a tsakiyar kowane gefe, biyu ne ko uku. IBM da gangan ta rage su, domin kubitoci masu kafaffen amo idan suka yi cunkoso sai amon wannan ya shiga na wancan, aiki ya dagule.

Saboda haka wanda zai gina tsarin gyaran kuskure ba daga littafi yake farawa ba, daga taswirar allo yake farawa. Taswirar ce ke zaɓa maka tsari. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke tafiya.

Ga kalmomin da zan riƙa amfani da su. Kubit na zahiri shi ne guda ɗaya da ke kan allo. Kubit na gayya shi ne wanda na zahiri da yawa suka taru suka riƙe, kamar yadda matasan unguwa ke taruwa su nome gona guda. A cikin na zahirin akwai ma'aji, masu riƙe saƙo, da masu gadi, waɗanda aikinsu leƙa maƙwabta su kawo rahoto. Nisa, da ake rubutawa d, shi ne mafi ƙarancin kurakuran da za su haɗu su juya kubit na gayya ba tare da wani mai gadi ya ankara ba. Kayan aiki ba su da yawa: kwamfutar cinya mai Python, manhajojin Stim da PyMatching waɗanda kyauta ne, takardar lissafi mai gidaje, da biro kala biyu.

Mataki na 1: Zana taswirar maƙwabtaka da hannunka

Idan na'urar IBM za ka yi aiki da ita ta intanet, a Qiskit, manhajar IBM ta rubuta da'irar kwantam, umarnin backend.coupling_map zai ba ka jerin wa ke haɗe da wa, backend.target kuma zai ba ka yawan kuskuren kowane aiki. Kada ka tsaya a kallon allo. Kwafe taswirar a takarda, ka sa ɗigo a kowane kubit, layi a kowace haɗa. Sannan da jan biro ka kewaye kubitocin da ke saurin mantuwa, wato masu gajeren T1 ko T2, da waɗanda awonsu ke yawan ƙarya, ka soke duk haɗar da kuskurenta ya ninka na sauran. Abin da ya rage shi ne filinka na gaskiya, kuma sau da yawa ya fi wanda ke cikin talla ƙanƙanta. Waɗannan alƙaluma suna sauyawa duk lokacin da aka sake saita na'ura, don haka ranar da za ka yi gwaji sai ka sake dubawa.

Mataki na 2: Fahimci abin da mai gadi ke tambaya

A kwamfuta ta yau da kullum, mai tsoron ɓatan saƙo sai ya kwafe shi sau uku. A nan ba dama. Tun 1982 Wootters da Zurek, da Dieks a nasa ɓangaren, suka nuna cewa ba a iya kwafar yanayin kwantam da ba a sani ba. Ga shi kuma da zarar ka auna kubit kai tsaye, ka rushe abin da yake riƙe da shi. Dabarar da Peter Shor ya fito da ita a 1995 da tsarinsa mai kubit 9, Andrew Steane ya biyo da mai 7 a 1996, ita ce kada ka tambayi kubit me yake riƙe da shi. Tambayi maƙwabta biyu ko huɗu a haɗe: jimlarsu mara ce ko cika?

Gwada da mafi ƙanƙanta. Jera kubit biyar a layi: ma'aji na 1, mai gadi A, ma'aji na 2, mai gadi B, ma'aji na 3. Sifili na gayya shi ne 000, ɗaya na gayya 111. A yana duba na 1 da na 2 ko sun yi daidai, B yana duba na 2 da na 3. Idan A kaɗai ya ce mara, na 1 ne ya juye. Idan duka biyun suka ce mara, na tsakiya ne. Idan B kaɗai, na 3 ne. Babu wanda ya san ko saƙon sifili ne ko ɗaya, amma an gano mai laifi. Wannan shi ne tsarin maimaici, kuma lura da cewa ba ya bukatar komai sai layi: ma'aji d, masu gadi d−1, kowa da maƙwabcin dama da na hagu. Rauninsa shi ne nau'in kuskure ɗaya kawai yake kamawa, ko juyewar X (sifili ya koma ɗaya ko ɗaya ya koma sifili) ko juyewar Z (alamar da ke tsakanin sifili da ɗaya ta sauya), alhali kubit na fama da duka biyun.

Mataki na 3: Hana kanka SWAP a cikin zagayen gadi

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Idan kubit biyu ba maƙwabta ba ne, manhajar da ke fassara da'ira zuwa yaren na'ura takan cusa aikin SWAP, ta riƙa musanya wurare har su haɗu. A lissafin yau da kullum wannan taimako ne. A gyaran kuskure guba ne, ta fuska biyu.

Ta farko kuɗinsa. SWAP ɗaya CNOT uku ne. A ce kuskuren CNOT a allonka kashi 0.5 ne cikin 100, wanda ba laifi. SWAP guda ya kai ka wajen kashi 1.5, alhali iyakar da tsarin da ya fi kowane juriya ke ɗauka tana kusa da kashi 1. Ka tsallake iyaka tun ba ka fara gadi ba, kuma bayan iyaka ƙara kubitoci ƙara ɓarna ne.

Ta biyu ta fi muni, domin ba ta fitowa a alƙaluma. Idan ka musanya ma'aji biyu kai tsaye kuma aikin ya samu matsala, tuntuɓe ɗaya ya lalata ma'aji biyu a lokaci guda. Tsari mai nisa 3 an gina shi ne a kan cewa tuntuɓe ɗaya kuskure ɗaya yake haifarwa. Da wannan ƙa'ida ta karye, nisan da ke kan takarda ya zama suna kawai. Karon farko da na gwada tsarin maimaici a na'ura ta intanet, ban faɗa wa manhajar inda za ta ajiye kowane kubit ba, ta zaɓa da kanta. Sakamakon nisa 5 ya fito ya fi na nisa 3 lalacewa. Na kwashe kwanaki ina tono a ɓangaren dikoda, wato manhajar da ke karanta rahoton masu gadi ta gano inda kuskure yake, sai daga baya na buɗe da'irar da aka fassara na ƙirga ayyukanta, na tarar da ayyukan kubit biyu sun ninka abin da na rubuta. Tun daga ranar, kafin na tura komai sai na ƙirga.

Idan dole sai an motsa saƙo, a musanya ma'aji da kubit wanda ba ya riƙe da komai. Nan ko an yi tuntuɓe, ma'aji ɗaya ne ya taɓu.

Mataki na 4: Bari taswira ta zaɓi tsari

Idan layi kawai kake da shi, tsarin maimaici ne naka, kuma ya ishe ka koyo. Google ma da shi ta fara: a 2021 ta jera kubit 21 ta nuna kuskure na raguwa yayin da layin ke tsawo.

Idan murabba'i ne mai maƙwabta huɗu, ɗauki tsarin da nake kira tabarma, saboda yadda gidajensa ke saƙe kala biyu. A cikin Stim sunansa surface_code. Asalinsa aikin Alexei Kitaev ne na 1997, kuma dalilin da ya sa ya mamaye fagen shi ne kowane mai gadi maƙwabtansa na jiki kawai yake taɓawa. Kuɗinsa ma'aji d², masu gadi d²−1. Nisa 3 kubit 17 ke nan, nisa 5 kubit 49, nisa 7 kubit 97, duk domin kubit na gayya ɗaya tak.

Wannan tsada ba gazawar masu ƙira ba ce. A 2010 Bravyi da Poulin da Terhal sun tabbatar da cewa duk tsarin da ke shimfiɗe a fili, wanda masu gadinsa na kusa kawai suke taɓawa, yawan kubitocin gayya sau d² ba zai wuce wani ninki na yawan kubitocin zahiri ba. Ma'ana, in ka ninka nisa biyu, sai ka ninka kubitoci huɗu, babu wayon da zai kauce wa haka muddin a fili ɗaya kake kuma maƙwabta kawai kake gaisarwa. Mai son arha sai ya sayi dogayen wayoyi. Hanyar da IBM ta bayyana ke nan a mujallar Nature a 2024: ma'aji 144 da masu gadi 144, jimla 288, suna riƙe kubit na gayya 12 a nisa 12, aikin da tabarma za ta ci kusan kubit 3,000 kafin ta yi. Amma kowane kubit sai ya haɗu da shida, wasunsu a can nesa, abin da allon heavy-hex ba ya yi. Idan ba ka da irin wannan allo, ka yi sha'awar tsarin daga nesa, kada ka ce za ka cike giɓin da SWAP.

Akwai kuma na'urorin da kubitocinsu ke tafiya da ƙafarsu. A Disamban 2023 masu bincike na Jami'ar Harvard da kamfanin QuEra sun yi amfani da hasken leza suna ɗaukar atom daga wuri zuwa wuri, suka haɗa kubit na gayya har 48, a na'urar da ke aiki da atom har 280. Na'urorin Quantinuum ma kowane kubit na iya haɗuwa da kowane. A can matsalar maƙwabtaka ta sauƙaƙa, sai dai jigilar tana cin lokaci, zagayensu ya fi na alluna masu waya jinkiri nesa ba kusa ba.

Mataki na 5: Shimfiɗa tabarma mai nisa 3

Ɗauko takardarka. Rubuta ma'aji tara a sahu uku: 1, 2, 3 a sama, 4, 5, 6 a tsakiya, 7, 8, 9 a ƙasa. Tsakaninsu gidaje huɗu ne, kowane gida da mai gadi a cibiyarsa. Gidan 1, 2, 4, 5 da gidan 5, 6, 8, 9 ka shafa musu shuɗi, su ne masu gadin X. Gidan 2, 3, 5, 6 da gidan 4, 5, 7, 8 ka shafa ja, su ne masu gadin Z. Saura huɗu na bakin tabarma, masu duba ma'aji bibbiyu: shuɗi a saman 2 da 3, shuɗi a ƙarƙashin 7 da 8, ja a hagun 1 da 4, ja a daman 6 da 9. Takwas ke nan, da ma'aji tara, 17.

Yanzu duba aikinka. Duk inda gida shuɗi da gida ja suka haɗu, dole ma'ajin da suka yi tarayya a kai su zama biyu ko babu. In ka ga ɗaya, ka yi kuskuren zane, kuma awon ɗayansu zai riƙa rikita na ɗayan.

Masu gadin ja su ke kama juyewar X. Sa yatsa a kan 5, ka ce ya juye: gidajen ja biyu na ciki duk za su yi ƙara. Sa a kan 4: jan hagu da gidan 4, 5, 7, 8. Sa a kan 2: gidan 2, 3, 5, 6 kaɗai. Sa a kan 3: shi ɗin dai kaɗai. To ta yaya za a bambance 2 da 3? Ba a bambancewa, kuma ba a bukata. Idan 2 ne ya juye kai kuma ka gyara 3, ka ƙare da X a kan 2 da 3 tare, wanda shi ne ainihin abin da shuɗin sama ke aunawa, kuma bai taɓa saƙo ba ko kaɗan. Wannan wuri yana burge ni har yau: tsarin bai damu ka kama ainihin mai laifi ba, ya damu ne kawai kada gyaranka da laifin su haɗu su tsallaka tabarma.

Tsallakawar ita ce mutuwa. X a kan 1, 4, 7, daga sama har ƙasa, babu mai gadin da zai ji, kuma ya juya kubit na gayya. Haka 2, 5, 8. Ta ɓangaren Z kuwa a kwance abin yake, kamar 1, 2, 3. Riƙe wannan da kyau: X na kisa a tsaye, Z na kisa a kwance.

Mataki na 6: Tsara wa mai gadi yadda zai zaga

Mai gadi ba ya taɓa maƙwabtansa huɗu a lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya yake bi da CNOT. Tsarin bin nan ba ganin dama ba ne. A ce mai gadin gidan 1, 2, 4, 5 ya gama da biyun farko, sai shi kansa ya kamu da juyewar X. Zai shafa wa biyun da suka rage. Tuntuɓe ɗaya, ma'aji biyu. Ana kiran wannan kuskuren ƙugiya, kuma ba a iya hana shi, sai dai a juya masa fuska.

Idan ya bi 1, 4, 2, 5, ƙugiyar za ta faɗa kan 2 da 5, a tsaye. Kashi biyu cikin uku na hanyar kisa ke nan, saura 8 kawai. Nisanka na 3 ya koma 2. Idan kuwa ya bi 1, 2, 4, 5, ƙugiyar ta faɗa kan 4 da 5, a kwance, ta gicciye hanyar maimakon ta bi ta, nisa ya tsira. Don haka masu gadin shuɗi su bi arewa maso yamma, arewa maso gabas, kudu maso yamma, kudu maso gabas, kamar rubuta harafin Z. Masu gadin ja, da yake nasu kisan a kwance yake, su bi arewa maso yamma, kudu maso yamma, arewa maso gabas, kudu maso gabas, ƙugiyarsu ta faɗi a tsaye.

Gwada wannan jeri a kan 5, wanda ke tsakiyar kowa. A bugu na farko gidan 5, 6, 8, 9 ne ke taɓa shi, a na biyu gidan 2, 3, 5, 6, a na uku gidan 4, 5, 7, 8, a na huɗu gidan 1, 2, 4, 5. Baƙo ɗaya a kowane bugu, babu karo. In ka ga masu gadi biyu sun zo ƙofar ma'aji ɗaya a bugu guda, koma ka duba jerinka.

Mataki na 7: Idan maƙwabta ba su kai huɗu ba

Hanyoyi biyu ne aka fi bi. Ta farko kubit mai tuta, dabarar da Chao da Reichardt suka bayyana a 2018. Mai gadi bai kai ga ma'aji ba, sai a sa wani kubit a tsakani ya zama gada. Haɗarin gada shi ne tana yaɗa ƙugiya, don haka ita ma ana auna ta a ƙarshen kowane zagaye. In komai lafiya za ta ce sifili. In ta ce ɗaya, ta ɗaga tuta ke nan, dikoda ya san cewa a wannan lungu akwai yiwuwar kuskure mai baki biyu. A 2020 Chamberland da abokan aikinsa suka gina wa heavy-hex tsari a kan wannan. Ka sani dai cewa tsarin ba ya kare nau'o'in kuskure biyu daidai wa daida: ɗaya yana da iyakar da in kana ƙasa da ita ƙara girma na ƙara lafiya, ɗayan ba shi da ita. Kuma sakamakon tutar dole ya isa ga dikoda. In ka auna ta ka jefar, ka biya kuɗin gada ba ka ci ribarta ba.

Hanya ta biyu ta fi ba ni sha'awa. A 2023 McEwen da Bacon da Gidney suka nuna cewa ba dole ne mai gadi ya zauna wuri ɗaya yana karɓar rahoto daga huɗu ba. Ana iya naɗe tambayar gida guda da CNOT, huɗu su koma biyu, biyu su koma ɗaya, a auna wannan ɗayan, sannan a warware naɗin ta hanyar da aka zo. Zagaye na gaba a naɗe sauran gidajen. Da haka tabarma ke zama a kan saƙar zuma mai maƙwabta uku. Abin da aka rasa a fili, an samo shi a lokaci. Wannan tunani ne kuma ake amfani da shi idan kubit ɗaya ko haɗa ɗaya ta mutu a tsakiyar allo: a naɗe tambayoyin su kewaye ramin, maimakon a yar da yankin gaba ɗaya. Hastings da Haah ma a 2021 sun fito da tsarin da ke rayuwa a kan saƙar zuma da awon kubit bibbiyu kawai, ana jujjuya su zagaye bayan zagaye.

Mataki na 8: Maimaita gadi, ka kwatanta yau da jiya

Mai gadi ma yana ƙarya. Saboda haka ba a yarda da zagaye ɗaya, ana maimaitawa aƙalla sau d. Abin da ake kai wa dikoda kuma ba amsar mai gadi ba ce, sauyinta ne: ya faɗi abin da ya faɗa a zagayen baya, ko ya sauya baki? Ma'aji ya juye, masu gadi biyu maƙwabta za su sauya baki a zagaye ɗaya. Awo ya yi ƙarya, mai gadi ɗaya zai sauya baki sau biyu a jere, ya tafi ya dawo.

Mataki na 9: Gwada a kwamfutarka kafin ka taɓa na'ura

Stim, wadda Craig Gidney ya fitar a 2021, tana kwaikwayon dubban kubitoci a irin wannan da'ira a kan kwamfutar cinya, ba ta ma bukatar intanet bayan an sauke ta. Ga farkon abin da za ka rubuta:

```
import stim, pymatching
import numpy as np

def gwada(d, p, sau=200_000):
    daira = stim.Circuit.generated(
        "surface_code:rotated_memory_z",
        distance=d, rounds=d,
        after_clifford_depolarization=p,
        after_reset_flip_probability=p,
        before_measure_flip_probability=p,
        before_round_data_depolarization=p)
    print("nisa:", len(daira.shortest_graphlike_error()))
    dem = daira.detector_error_model(decompose_errors=True)
    dikoda = pymatching.Matching.from_detector_error_model(dem)
    alamu, gaskiya = daira.compile_detector_sampler().sample(
        sau, separate_observables=True)
    hasashe = dikoda.decode_batch(alamu)
    return np.mean(np.any(hasashe != gaskiya, axis=1))
```

Kira shi da d na 3, 5, 7, kana sauya p, wato yiwuwar kuskure a kowane aiki, daga 0.001 zuwa 0.02, ka zana sakamakon. Za ka ga layuka uku sun sarƙe a wani wuri ƙasa da kashi 1 cikin 100. Hagu da mahaɗar, babban nisa ne a ƙasa, wato ya fi lafiya. Dama da ita, shi ne a sama. Mahaɗar nan ita ce iyaka. A ƙasanta kuskuren gayya yana tafiya kusan kamar p bisa iyaka, a ɗaga shi zuwa (d+1)/2, don haka in kana ƙasa da iyaka sau goma, duk ƙarin 2 a nisa yana rage kuskure kusan sau goma.

Wannan da'irar ta murabba'i ce tsantsa, ta ɗumama hannu ce kawai. Aikin gaske shi ne ka rubuta taka da'irar bisa taswirar mataki na 1, da gadojinta da tutocinta, ka sa wa kowace haɗa ainihin kuskurenta. Layin da ya fi kowane daraja a sama shi ne mai buga nisa. Idan ka zana nisa 5 ya buga 3 ko 4, akwai ƙugiyar da ta bi hanyar kisa, koma mataki na 6. Gwada ajiyar Z da ajiyar X duka biyun, wato rotated_memory_z da rotated_memory_x, domin ƙugiyar shuɗi a ɗaya take bayyana, ta ja a ɗayar. Ga da'ira mai tutoci, ƙara da search_for_undetectable_logical_errors, wanda ke tono kurakuran da shortest_graphlike_error ke tsallakewa.

Mataki na 10: Ba dikoda taswirar gaskiya

A tabarma kuskure ɗaya masu gadi biyu yake tayarwa, ko ɗaya in a baki ne. Aikin dikoda ke nan ya haɗa masu ƙara bibbiyu ta hanya mafi arha, lissafin da Jack Edmonds ya warware tun 1965, wanda PyMatching ta Oscar Higgott ke yi da sauri. Arhar hanya daga yiwuwar kuskurenta ake samo ta, shi ya sa in ka ba shi alƙaluma iri ɗaya ga kowace haɗa, alhali wata ta fi wata rauni sau uku, zai riƙa zargin marar laifi. A tsarin IBM mai 288 kuwa kuskure ɗaya masu gadi uku yake tayarwa, haɗa bibbiyu ba ya aiki, sai a koma ga dikoda irin BP-OSD.

Gudu ma abin lura ne. A allon Willow na Google zagaye ɗaya makirosakan 1.1 ne, kusan zagaye miliyan a daƙiƙa. Dikodan da ba ya cinye rahoto da saurin da yake shigowa, aiki zai taru masa har ya binne shi. A gwajin ajiya kana iya tara rahoto ka warware daga baya, amma ka tuna lissafi na gaske ba zai jira ba.

Mataki na 11: Hau na'ura

Fara da tsarin maimaici a kan layi mafi lafiya da ka samu a taswirarka. A Qiskit ba da initial_layout da kanka, ka sa optimization_level a 0, sannan ka kira count_ops a kan da'irar da aka fassara. Yawan ayyukan kubit biyu dole ya yi daidai da abin da ka ƙirga a takarda. In ya ɗara ko da uku, kada ka tura.

Da sakamako ya dawo, kafin ka kira dikoda, duba kowane mai gadi sau nawa yake sauya baki, zagaye bayan zagaye. Wanda ya fi 'yan'uwansa ƙara sosai, akwai rauni kusa da shi. In kuma ƙarar kowa tana hauhawa yayin da zagaye ke ƙaruwa, alamar yoyo ce: kubit ya fice daga sifili da ɗaya ya haye mataki na uku, inda tsarin bai san da shi ba, yana ta ɓata wa maƙwabta. Maganinsa a riƙa mayar da kubitoci gida da gangan a kowane zagaye. Shi ya sa tabarmar Google mai nisa 7 ta ci kubit 101 maimakon 97, huɗun na kwashe yoyo ne.

Ma'aunin nasara lamba ɗaya ce, Λ: kuskuren nisa d a raba shi da na nisa d+2. In ta gaza 1, kana bayan iyaka. A 2023 Google ta samu kashi 3.028 a kowane zagaye a nisa 3, da kashi 2.914 a nisa 5, da ƙyar ta haura 1. A Disamban 2024, da Willow mai kubit 105, Λ ta kai 2.14, kuskuren nisa 7 ya sauko kashi 0.143 a zagaye. Kai ma lissafa taka daga nisa 3 da 5 na layinka, ka rubuta ta tare da ranar gwaji, lambobin kubitocin da ka yi amfani da su, da alƙaluman saitin wannan rana. In ka sake gwaji bayan mako ka ga ta sauya, waɗannan bayanan ne za su nuna maka ko da'irarka ce ta sauya ko allon.